Sojan da Ilu Magini Ya Gina

A cikin amalanke suka turo shi, ƙafarsa ta dama tana reto ta gefe kamar ba a jikinsa take ba. Hajo tana tsakar gida tana matsar man gyaɗa ta ji hayaniya ta shigo lungunsu. Ta fito ƙofar gida hannuwanta duk tunkuza, ta tarar da maza huɗu suna kokawa da amalanken a cikin caɓin ruwan da aka sheƙa da safe. Ilu Magini ne kwance a ciki, maƙwabcinta da katanga ɗaya ta raba su. Gemunsa ya yi fari fat da garin siminti, idanunsa a rufe.

"Me ya same shi?" Hajo ta tambaya.

"Daga kan tsani ya faɗo, Gwaggo," in ji ɗaya daga cikin masu turin. "A mararraba, wajen gunkin nan nasa."

"Yau dai gunkin ya gaji da shi," wani ya faɗa daga baya. Mutum biyu suka yi dariya, suka haɗiye ta da sauri.

Hajo ta dubi fuskar Ilu, ta dubi ƙafar da ke reto. Ta laluba cikin ranta ko za ta samu tausayi, ba ta samu ba.

"In za ka gina ramin mugunta," ta ce, "gina shi gajere."

Ba ta san Baraka, matar Ilu, tana tsaye a bakin zaurensu ba, sai da ta juyo suka haɗa ido. Baraka ta matsa gefe aka shigar mata da miji, ta ja ƙyauren langa-langa ta rufe da ƙarfi har katangar ta amsa.

Shekara talatin da wani abu gidajen nan biyu suna zaman lafiya. Gishiri da garwashin wuta ta saman katanga ake miƙa su. Da mijin Hajo ya rasu, Ilu ne ya ɗauki ɗanta na fari, Abdussalam, ya koya masa kwaɓa siminti da jera bulo, don shi Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Yaron ya yi shekara shida yana bin sa daga Karaye zuwa Rogo, duk inda gini ya samu, kafin ya ajiye cebur ya shiga soja. Shekara huɗu da suka wuce aka bugo waya aka ce an yi musu kwanton ɓauna a dajin Borno, an binne su a can. Ba gawa, ba kabari. Jakarsa kawai aka kawo wa Hajo, da hula, da hoto guda ɗaya.

Bayan shekara, Saja Sulle, wani tsohon soja da ya yi ritaya ya koma noma, ya tara 'yan uwansa tsofaffin sojoji suka yanke shawarar a kafa wani abu a mararrabar garin, inda hanyar Karaye ta rabu, ɗaya ta nufi Rogo, ɗaya ta shiga ƙauyukan Fulatan. Ginshiƙi kawai suke so, a rubuta sunayen yaran yankin uku da suka mutu a fagen daga. Aka ba Ilu aikin. Shi ne ya ƙara da nasa. Ya ce zai ɗora soja a kan ginshiƙin, kuma sojan Abdussalam ne.

Ya zo zauren Hajo ya roƙi aron hoton. Ta ce masa ba a gina mutum, Allah ne ke ginin mutum. Ya dawo karo na biyu, ta sa aka ce masa ba ta nan. Bai sake zuwa ba. Ya kewaye wajen da tsofaffin buhuna, ya yi wata biyu yana shiga da safe yana fita da yamma.

Ranar da aka yaye buhunan, shiru ne ya fara sauka a kan taron. Sai wata mai tallan fura ta tuntsire da dariya, daga nan kowa ya saki tasa. Kan sojan ƙarami ne a kan ƙaton jiki. Kunnuwansa sun baje kamar faifai biyu. Ido ɗaya ya fi ɗaya hawa sama, bakin ya karkace kamar na wanda ya tauna tsamiya. Bindigar da ya rungume kuwa, kowa ya rantse taɓarya ce. Koren fentin da aka shafa masa bai kai ƙarshen damina ba ya zubo masa ta fuska ya yi layi-layi.

Tun daga ranar garin ya samu abin magana. Masu zama a gindin gawon mararraba suka kasu. Wasu suka ce haramun ne tsagwaronsa, ƙasar Musulmi ba ta gaji gunki ba. Wasu suka ce su ba ma haramcin ya dame su ba, munin ne. Wani malamin firamare da ya yi karatu a Kaduna ya ce ya ga irinsa a birane, na ƙarfe, ka ga soja tsaye kamar zai buɗe baki ya yi maka magana, ba wannan dodon gona ba. Matafiya suka riƙa tsayar da mota suna ɗaukar hoto, suna kama kunnuwan suna dariya. Hoton ya zaga wayoyin mutane har Kano. Saja Sulle da kansa ya daina bi ta mararrabar, sai ya kewaya ta bayan makaranta.

Duk wannan Hajo za ta iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro shi ne sunan. Abdussalam ɗan fari ne, tunda ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan". Yau ga sunan a bakin kwandastoci. Mota za ta taho daga Karaye, kwandasta ya leƙo ta taga yana bubbuga ƙofa: "Salamu Kunnuwa! Akwai mai sauka a Salamu Kunnuwa?" Ita kuma a nan take kasa ƙuli-ƙuli da kwalaben mai, don nan ne kaɗai motoci ke tsayawa. Sai ta juya wa abin baya ta zauna, tana jin sunan ɗanta yana yawo a iska sau ashirin a yini. Shekara uku ke nan ba ta amsa gaisuwar Ilu ba.

Mai ɗori aka fara ɗaukowa daga Rogo Sabon Gari. Ya taɓa ƙugun, ya girgiza kai, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Aka kai Ilu asibiti a Karaye, ya kwana tara. Da aka dawo da shi, ɗauko shi aka yi a tabarma, ya rame kamar karan dawa. Aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, ga ciwon suga da ya daɗe yana cin sa bai sani ba. Abinci ya daina shiga, sai kunu cokali biyu.

Masu dubiya ba su yi yawa ba. Mutumin da ya gina rabin ɗakunan garin, takalman da ke ƙofar ɗakinsa ba su taɓa wuce ƙafa uku ba. Waɗanda suka zo ma, da sun fito lungu sai Hajo ta ji suna cewa, "To wai me ya koma yi a kan abin?" Wani ya ce fenti zai sake masa. Wani ya ce ai masu irin wannan aiki sai abin ya kira su.

Ranar Laraba da hantsi liman, Malam Bahauddeen, ya zo. Ɗakin Ilu yana jingine da katangar Hajo, kuma muryar liman ba ta san rufi ba. Hajo tana soya ƙuli ta rage wutar don ta ji.

"Malam Ilu, ba zan ɓoye maka gaskiya ba don kana kwance. Wanda ya sassaƙa siffar mai rai, ranar gobe za a ce ya busa mata rai, kuma ba zai iya ba. Ka ba da izini a rushe abin nan tun kana da numfashi."

Sai muryar Ilu ta fito, siririya.

"Allah ya gafarta Malam, ai ko mutanen gari ba su yarda siffar mutum ce ba."

"Ba lokacin wasa ba ne wannan."

"Na sani. Amma ba nawa ba ne, Malam. Yana da mai shi."

Liman ya fita yana jan tsaki. Hajo ta duba kasko ta ga ƙulin ya ƙone, ta kwashe shi ta watsa wa kaji.

Washegari Baraka ta yi sallama a tsakar gidan Hajo, karo na farko cikin shekara uku. Ba ta zauna ba, ba a kuma ba ta tabarma ba.

"Yaya Hajo, ya ce in kira ki."

"Ni likita ce?"

"Ba ni na ce ba. Da don ta ni ne, wallahi ƙafata ba za ta taka gidan nan ba bayan abin da kunnena ya ji ranar nan."

"To ki koma ki ce masa ina aiki."

Baraka ta gyara mayafinta. "Ke kaɗai aka yi wa mutuwa a duniya? Mutumin nan shekara uku ba ya iya zama a majalisa. Aikin masallacin ƙauyen Yola da aka yi masa alkawari, ƙwace shi aka yi aka ba wani, aka ce ba za a ba mai gina gunki ba. Ko sau ɗaya bai buɗe baki ya zagi kowa ba. Yanzu yana kwance yana kiran sunanki, ke kina matsar mai."

"Ni na aike shi?" Hajo ta miƙe tsaye. "Na ce masa kada ya yi. Da bakina na faɗa masa. Ke kin taɓa zama kina ji ana kiran ɗanki da kunnuwa? Ba ki haifi namiji ba, ina za ki sani."

Maganar ta fita kafin Hajo ta kama ta. Baraka ta tsaya kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta juya ta fita, ba sallama.

Hajo ta koma kan turminta ta ci gaba da juya tunkuza, amma hannun ya ƙi tafiya daidai. Ta yi sallar azahar, ta zauna a kan dardumar ta daɗe. Da la'asar ta ɗauki mayafi. Ba yafiya za ta kai masa ba, haka ta faɗa wa kanta. Akwai maganganun da ta tara shekara uku, kuma ba za ta bari ya tafi da kunnensa bai ji su ba.

Ɗakin yana warin magani da man zafi. Ilu yana kwance a kan katifa a ƙasa, an tokare bayansa da filo biyu. A kusurwa ga kayan aikinsa a jingine, cebur da guduma da igiyar awo, duk da busasshen siminti a jikinsu. Baraka ta ga shigowarta, ta tashi ta koma bakin ƙofa ta zauna ta ba su baya.

"Sannu da zuwa, Hajo," in ji Ilu. "Kin ga yadda Allah ya yi da ni."

"Na gani. Allah ya sawwaƙe." Ta tsuguna nesa da katifar. "An ce kana nemana."

"Ina nemanki. Amma na ga bakinki a cike yake. Fara sauke naki."

Ta sauke. Ta faɗa masa yaron nan ya mutu da mutuncinsa, shi ya tono shi ya tsayar a titi ana yi masa dariya. Ta faɗa masa yadda wata yarinya ta hau ginshiƙin ta ɗaura wa abin ɗankwali ana ɗaukar ta hoto, ita tana zaune taku biyar daga wajen tana ƙirga ƙuli a leda. Ta faɗa masa jikokin mutane da ba su taɓa ganin yaron ba yanzu sun ɗauka haka kamanninsa suke. Ta ce da ya bar shi a dajin da aka binne shi, da ya fi masa sutura. Muryarta ta yi sama har kajin gidan suka watse, ta dawo ƙasa ta dushe.

Ilu bai katse ta ba. Da ta gama ya lumshe ido, ya buɗe.

"Duk abin da kika faɗa haka yake," ya ce. "Mummuna ne. Ranar da na cire buhunan nan, kafin kowa ya yi dariya ni na riga na sani. Hannuna na bulo ne, Hajo. Katanga na iya, ita ba ta da fuska."

"To me ya kai ka?"

Ya tattara numfashi. "Kin tuna watannin farko? Duk motar da ta tsaya a mararraba sai kin miƙe kin leƙa ciki. Ina kan gini a shagon Aƙilu ina kallonki. Na ce a raina, matar nan ba ta da inda za ta nuna ta ce ga shi nan. Ni ma ba ni da shi. Na zaci in na tsayar da shi a wajen, za ki daina leƙa motoci."

"Na daina," in ji Hajo. "Na koma sunkuyar da kai."

"Na gani."

Kuda ya sauka a goshinsa, bai iya ɗaga hannu ya kore shi ba. Hajo ta bi kudan da ido har ya tashi don kansa.

"Shekara shida yaron nan yana gabana," Ilu ya ci gaba. "Na rantse ko a mafarki zan zana shi. Da na kwaɓa simintin na tsaya a gaban kan, sai fuskar ta gudu. In na kamo idon, bakin ya tsere. Muryarsa ina ji raɗau, yadda yake cewa 'Baba Ilu, a ƙaro ruwa?' Amma fuskar ta ƙi tsayawa. Sau huɗu ina fasa kan ina sakewa."

Hoton yana can ƙasan adakar Hajo a naɗe cikin tsumma. Ita ma sai ta ciro shi take tuna yadda girar yaron take. Ba ta faɗa masa haka ba.

"Kana so ka ce laifina ne da na hana ka hoto."

"A'a. Ɗanki ne, kin hana, ni na yi taurin kai. Ranar da na faɗo, kunnuwan na hau in rage. Na ce ko su kaɗai na gyara, kwandastoci za su rasa abin kira." Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Baraka ta juyo, ta ga tarin ya lafa, ta sake ba su baya. "Ko guda ban gama ba tsanin ya zame."

"Yanzu me kake so da ni?"

"Abu biyu. Liman ya ce a rushe shi. Na ce yana da mai shi. In kin ce a bari, a bari, ni da Ubangijina. In kin ce a rushe, ga gudumata can, ita ta fi ta kowa nauyi a garin nan."

Hajo ba ta yi dogon tunani ba. "A rushe."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka faɗa wa farashin da ya riga ya sani. "To. Baraka, kin ji. Ki faɗa wa Saja."

"Na biyun fa?"

"Ki yafe mini."

A waje wata mota ta wuce can kan titi, ƙarar ta zo ta tafi. Hajo ta dubi hannuwansa da ke kan bargo, fatar ta tsattsage saboda shekarun siminti, farcen babban yatsa baƙi. Kalma biyu ce: na yafe. Ta ji su a kan harshenta, ta ji kuma wani abu ya riƙe su ta baya, abin da ya yi shekara uku yana girma.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," ta ce.

Ilu ya dube ta. Ya san bambancin, ita ma ta san ya sani.

"Amin," ya ce. "Na gode da kika zo."

Ta tashi. A bakin ƙofa Baraka ba ta janye ƙafarta ba, sai da Hajo ta tsallake.

Ya kwana biyu bayan nan. Ranar Asabar da hantsi, Hajo tana shanya gyaɗa a tsakar gida, ta ji salatin Baraka ya tashi ta bayan katanga, sau ɗaya, da ƙarfi, sannan kuka ya biyo. Hajo ta tsaya da kwarya a hannu. Ta ce innalillahi, ta ajiye kwaryar, ta zauna a ƙasa inda take.

Jana'izar ta tara mutane fiye da yadda dubiya ta tara. Kafin azahar an kai shi. Hajo ta shiga gidan da sauran mata, ta durƙusa gaban Baraka.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Baraka ta ɗago jajayen idanu.

"Ya huta," ta ce. "Ke ma kin huta."

Wata tsohuwa ta ce, "Haba Baraka, ba a haka a zaman makoki." Baraka ta mayar da kanta ƙasa ta ci gaba da jan carbi. Hajo ta zauna a ƙarshen tabarma har aka yi la'asar, ba wadda ta yi mata magana, ita ma ba ta yi wa kowa ba.

Ranar sadakar uku, da aka shafa addu'a, maza suka zarce mararraba da gudumar mamacin. Hajo ba ta je ba, amma tana jin dukan daga gida, dum, dum, kamar ana daka a ƙaton turmi. Sun zaci aikin rabin sa'a ne. Sai ga shi azahar ta yi suna kai, la'asar ta yi suna kai. Masu dawowa shan ruwa suna wucewa ta lungu suna mita. Ɗaya ya ce, "Mutumin nan bai iya fuska ba, amma wallahi ya iya kwaɓi." Wani ya ce rodin da ya zuba a ciki ya isa a yi ɗakin bene. Aka ce Saja Sulle ya tsaya a gefe da sandarsa, ya hana a taɓa ginshiƙin da ke ɗauke da sunayen, ya ce duk wanda gudumarsa ta kauce ta taɓa harafi ɗaya zai gane shi tsohon soja ne. Da kan ya faɗo, samari suka yi ihu suka yi ta harbin sa da ƙafa har cikin kwata.

Sai ranar kasuwa Hajo ta fita da farantinta. Sararin mararrabar ya yi mata wani iri, kamar bakin da aka cire wa haƙori. An kwashe ɓaraguzan an cike ramin titi da su. A kan ginshiƙin ba abin da ya rage sai takalman sojan guda biyu, daga idon sawu zuwa ƙasa, guntayen rodi sun leƙo ta cikinsu a lanƙwashe. Nan guduma ta gaza, suka haƙura suka bar su.

Ta kasa ƙulinta, ta jera kwalabe. Motar farko ta taho daga Karaye, kwandasta ya leƙo ya buɗe baki, ya dubi ginshiƙin, ya ce, "Mararraba, akwai mai sauka?" Ba mai sauka. Direba bai ko taka birki sosai ba, suka wuce. Ta biyu ma haka. A gindin gawo masu zama sun koma gardamar farashin taki.

Rana ta ɗaga. Hajo ta tashi don ta matsar da farantinta, sai ta samu kanta a gaban ginshiƙin, takalman daidai ƙirjinta. Ba ta taɓa tsayawa kusa da shi haka ba. Igiyoyin takalman a ɗaure suke, kowane zare ya fito, har da kullin. Na dama yana kallon gaba sak. Na hagu kuwa ya ɗan karkato ciki, dunduniyarsa ta cinye ta gefen waje.

Haka yaron nan yake taka ƙafarsa ta hagu tun yana tatata. Duk takalmin da ta taɓa saya masa, ta nan yake fara cinyewa.

Ta daɗe a tsaye. Wata mata ta tsaya a gaban farantin tana tambayar ƙulin nawa-nawa ne, ta tambaya sau biyu, ta gaji ta wuce. Ruwan daren jiya ya taru a cikin takalmin hagun, da 'yan tsakuwoyi da ganyen gawo. Hajo ta sa yatsu ta tsince tsakuwoyin ɗaya bayan ɗaya, ta kama bakin mayafinta ta goge ƙurar da ke kan igiyoyin.